Yadda ɗaliba ta ɓace daga sakamakon jarrabawa: darasi a kan SQL

 

A makonnin baya mun fara sanin SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Mun ga yadda SELECT ke zaɓo abin da muke son gani, FROM ya faɗi jadawalin da za a duba, WHERE ya tace layuka, ORDER BY kuma ya jera su. Duk wanda ya riƙe waɗannan huɗu zai iya ciro bayani daga jadawali guda. Yau za mu ƙara gaba: za mu haɗa jadawali biyu, mu tara maki, mu fitar da na ɗaya da na biyu a aji.

Kafin mu fara, ga abin da nake so ku riƙe har ƙarshen darasin. Kwamfuta ba ta san abin da ke zuciyarka ba, abin da ka rubuta kawai take amsawa. Idan ka yi kuskuren harafi za ta ƙi aiki ta nuna maka, wannan da sauƙi. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne wanda tambayar za ta yi aiki lafiya lau, amsa ta fito tsaf, amma ba daidai ba. Sakamakon jarrabawa, kuɗin ajiya a banki, rajistar layin waya, duk a rumbunan bayanai suke zaune. Saboda haka a bayan kowane layi akwai mutum, kuma shi kuskuren zai shafa.

Daga ina yaren ya fito?

A 1970 wani masanin lissafi haifaffen Ingila mai suna Edgar Codd, wanda ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya wallafa maƙalar da ta kawo shawarar a riƙa adana bayanai a jadawali daban-daban masu alaƙa da juna. A 1974 wasu ma'aikatan kamfanin su biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka fito da yaren tambaya da suka kira SEQUEL, wanda daga baya aka taƙaita shi ya koma SQL. An kafa masa ƙa'idar bai ɗaya a Amurka a 1986, ta duniya kuma a 1987. Dalilin da ya sa ke nan abin da za mu koya yau yake aiki a manhajoji irin su SQLite, MySQL da PostgreSQL, sai dai 'yan bambance-bambance da zan nuna muku idan mun zo wurinsu.

Ajinmu na gwaji

Mu ƙaddara wani ƙaramin aji mai ɗalibai biyar. Muna da jadawali biyu. Na farko sunansa dalibai, yana da ginshiƙi biyu, lamba da suna. Ku tuna, ginshiƙi shi ne jerin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa, layi kuma wanda ya kwanta.

1, Amina
2, Bashir
3, Hauwa
4, Kabiru
5, Ladi

Na biyu sunansa sakamako, yana da ginshiƙi uku: lambar_dalibi, darasi da maki.

1, Lissafi, 80
1, Turanci, 70
2, Lissafi, 65
2, Turanci, 85
3, Lissafi, 90
3, Turanci, NULL
4, Lissafi, 55
4, Turanci, 45

Ku lura da abu biyu. Hauwa ta kwanta rashin lafiya ranar jarrabawar Turanci, shi ya sa gurbin makinta yake ɗauke da NULL, wato babu komai a ciki. Ita kuwa Ladi ta rubuta duka jarrabawar, amma mai shigar da maki bai kai ga takardunta ba, don haka lambarta 5 ba ta fito ko sau ɗaya a jadawali na biyu ba. Ku kwafe jadawalan nan a littafi, domin za mu yi ta komawa kansu.

Haɗa jadawali biyu: JOIN

Sunaye suna jadawali ɗaya, maki yana ɗayan. Abin da ya haɗa su shi ne lambar ɗalibi. Ga yadda ake haɗawa:

SELECT suna, darasi, maki
FROM dalibai
JOIN sakamako ON dalibai.lamba = sakamako.lambar_dalibi;

Kwamfuta za ta ɗauki kowane ɗalibi ta nemo layukan da lambarsa ta fito a sakamako. Amsa za ta zo da layi 8, biyu-biyu ga Amina, Bashir, Hauwa da Kabiru. To ina Ladi? Babu ita. JOIN zalla, wanda cikakken sunansa INNER JOIN, yana kawo layukan da suka sami abokin haɗi a ɓangarorin biyu ne kawai. Wanda bai samu ba sai a watsar da shi, ba tare da wani gargaɗi ba. A aji mai mutum biyar nan take za a gane. A makaranta mai ɗalibai dubu kuwa, ba wanda zai lura sai ranar da yarinya ta tsaya gaban allon sanarwa tana neman sunanta.

Maganin wannan shi ne LEFT JOIN. Ma'anarsa: kawo mini kowa da ke jadawalin hagu, wato wanda aka fara ambata, ko yana da abokin haɗi ko ba shi da shi. Idan muka sauya JOIN da LEFT JOIN a tambayar da ke sama, layi 9 za su fito, na taran yana ɗauke da sunan Ladi, darasi da maki kuma NULL. Har muna iya tambayar kwamfuta kai tsaye, wa aka manta?

SELECT suna
FROM dalibai
LEFT JOIN sakamako ON dalibai.lamba = sakamako.lambar_dalibi
WHERE sakamako.lambar_dalibi IS NULL;

Amsa: Ladi. Wannan gajeriyar tambaya ya kamata duk mai haɗa sakamako ya fara yi kafin ya buga takarda ko ɗaya.

NULL ba sifili ba ne

Nan ne masu koyo da yawa ke tuntuɓe. Sifili maki ne: ɗalibi ya rubuta, bai ci komai ba. NULL kuwa yana nufin ba a sani ba. Idan aka tambaye ka ko makin da ba a sani ba ya kai 50, ba za ka ce e ba, ba kuma za ka ce a'a ba. Haka SQL yake. A wurinsa amsa iri uku ce: gaskiya, ƙarya, da ba a sani ba. WHERE kuma layukan da amsarsu ta zama gaskiya kaɗai yake bari su wuce.

Mu gwada. Idan muka rubuta WHERE maki >= 50 za mu sami layi 6. Idan muka rubuta WHERE maki < 50 za mu sami layi 1, Turancin Kabiru. Shida da ɗaya bakwai, alhali jadawalin layi 8 gare shi. Turancin Hauwa bai shiga cikin waɗanda suka ci ba, bai kuma shiga cikin waɗanda suka faɗi ba. Ko WHERE maki = NULL ba zai kawo shi ba, domin ba a iya cewa abin da ba a sani ba daidai yake da wani abin da ba a sani ba. Dole a rubuta IS NULL ko IS NOT NULL.

Ƙidaya ma haka take. COUNT(*) yana ƙirga layuka, zai ba ka 8. COUNT(maki) yana ƙirga gurbin da ke da maki a ciki, zai ba ka 7. Idan ka ga lambobin nan biyu sun bambanta, to akwai gurbin da ba a cike ba.

Tarawa rukuni-rukuni: GROUP BY da HAVING

Yanzu malamin aji yana son matsakaicin makin kowane ɗalibi. GROUP BY yana tattara layuka rukuni-rukuni, kamar yadda ake ware takardun jarrabawa, na kowa a gefe guda, sannan a yi lissafi a kan kowane tari. SUM yana tarawa, AVG yana fitar da matsakaici, MAX da MIN kuma mafi girma da mafi ƙanƙanta.

SELECT suna, AVG(maki) AS matsakaici
FROM dalibai
JOIN sakamako ON dalibai.lamba = sakamako.lambar_dalibi
GROUP BY dalibai.lamba, suna;

Me ya sa na sa lamba a GROUP BY, ban tsaya ga suna kawai ba? Ku duba ajinku, A'isha nawa ke ciki, Muhammad nawa? Idan aka tattara da suna kaɗai, kwamfuta za ta gwamutsa makinsu duka ta mayar da su mutum ɗaya. Suna yana maimaituwa, lambar ɗalibi ba ta yi.

Ga amsar: Amina 75, Bashir 75, Hauwa 90, Kabiru 50. Hauwa ta zo kan gaba alhali darasi ɗaya kawai ta rubuta! Dalili shi ne AVG yana tsallake NULL, sai ya raba 90 gida ɗaya. Wani zai ce to a mayar da NULL ya zama sifili mana. Ana iya yi da COALESCE(maki, 0), wanda ke nufin: idan babu maki, sa 0. Amma da an yi haka matsakaicin Hauwa ya koma 45, ta zama ta ƙarshe saboda laifin rashin lafiya.

Wanne ne daidai, 90 ko 45? SQL ba zai gaya maka ba, domin wannan ba tambayar kwamfuta ba ce, hukunci ne na makaranta. Aikin mai rubuta tambayar shi ne ya gane cewa akwai matsala, ya kai ta ga masu yanke hukunci, kada ya bari na'ura ta yanke a ɓoye. Mu ɗauka makarantar ta ce a jira Hauwa ta warke ta rubuta, kafin nan a lissafa waɗanda suka kammala darasi biyu kawai. Sai mu ƙara layi ɗaya a ƙarshen tambayar:

HAVING COUNT(maki) = 2

Bambancin WHERE da HAVING yana yawan rikita ɗalibai, amma ba shi da wuya. WHERE yana tace layuka kafin a tattara su, HAVING yana tace rukunoni bayan an tattara. Shi ya sa WHERE AVG(maki) > 60 ba ya aiki, domin a lokacin ba a riga an lissafa matsakaicin ba. Ko da yake SELECT muke fara rubutawa, ga tsarin da ake bi wajen fassara tambayar: FROM da JOIN, sai WHERE, sai GROUP BY, sai HAVING, sai SELECT, daga ƙarshe ORDER BY. Ku haddace wannan jerin, zai warware muku ruɗani mai yawa.

Tambaya a cikin tambaya

Su wa suka wuce matsakaicin aji a Lissafi? Kafin a amsa wannan sai an san matsakaicin. SQL ya yarda ka sa ƙaramar tambaya cikin baka biyu a cikin babba:

SELECT lambar_dalibi, maki
FROM sakamako
WHERE darasi = 'Lissafi'
AND maki > (SELECT AVG(maki) FROM sakamako WHERE darasi = 'Lissafi');

Ta ciki za ta tara 80, 65, 90 da 55 su ba da 290, ta raba gida huɗu, a sami 72.5. Ta waje kuma ta kawo waɗanda suka haura haka: lamba 1 da lamba 3, wato Amina da Hauwa. Kana iya lissafa 72.5 da kanka ka rubuta shi a tambayar, amma ranar da aka shigar da makin Ladi matsakaicin zai canja, lambar da ka rubuta kuma tana nan yadda take. Tambayar ciki kuwa kullum sabon lissafi take yi.

Wa ya zo na ɗaya?

Mun zo wurin da kowa ya fi damuwa da shi a ƙarshen zango. Za mu yi aikin a mataki biyu. Da kalmar WITH za mu gina jadawalin wucin gadi mai suna jimla, sannan mu jera shi.

WITH jimla AS (
SELECT lambar_dalibi, SUM(maki) AS duka
FROM sakamako
GROUP BY lambar_dalibi
HAVING COUNT(maki) = 2
)
SELECT suna, duka, RANK() OVER (ORDER BY duka DESC) AS matsayi
FROM jimla
JOIN dalibai ON dalibai.lamba = jimla.lambar_dalibi;

Kalmar OVER ce sabuwa a nan. Ita ba ta dunƙule layuka su zama ɗaya kamar GROUP BY. Kowane ɗalibi yana nan a layinsa, sai dai ana kwatanta shi da sauran a ƙara masa ginshiƙin matsayi. Irin wannan aiki ya shiga ƙa'idar SQL a 2003, SQLite da MySQL kuma sun fara karɓarsa a 2018. Microsoft Access, da ake yawan samu a ɗakin kwamfuta na makarantu, ba ya gane OVER, don haka kada ku yi mamaki idan ya ƙi.

Amina tana da 150, Bashir 150, Kabiru 100. An yi kunnen doki ke nan, kuma SQL yana da hanya uku ta raba shi:

RANK zai ba da 1, 1, 3. Amina da Bashir duk na ɗaya, babu na biyu, Kabiru na uku.

DENSE_RANK zai ba da 1, 1, 2. Ba a tsallake lamba, Kabiru ya zama na biyu.

ROW_NUMBER zai ba da 1, 2, 3. Shi jera lamba kawai yake yi. Tsakanin Amina da Bashir ɗaya zai zama na ɗaya, ɗayan na biyu, kuma idan ba ka faɗi abin da zai raba su ba, kwamfuta ce za ta ɗauko duk wanda ya zo mata.

Ku yi tunanin ranar ba da kyaututtuka. Da RANK babu mai karɓar kyautar na biyu. Da DENSE_RANK Kabiru zai karɓa. Da ROW_NUMBER kuwa za a zalunci ɗaya daga cikin mutum biyun da makinsu ɗaya. Maki bai canja ba, kalma ɗaya ce ta canja. Ku tambayi malamin ajinku wace hanya makarantarku ke bi.

Idan kuma matsayi ake so a kowane darasi daban, sai a koma jadawalin sakamako a rubuta RANK() OVER (PARTITION BY darasi ORDER BY maki DESC). PARTITION BY yana sa a sake fara ƙirga daga 1 a kowane darasi. A nan ma a yi hattara da NULL. Idan aka jera daga babba zuwa ƙarami, SQLite da MySQL suna kai NULL ƙasa, amma PostgreSQL da Oracle a sama suke ajiye shi. A waɗannan biyun Hauwa za ta zo ta ɗaya a jarrabawar Turancin da ba ta rubuta ba, sai dai idan an tace da WHERE maki IS NOT NULL.

Gyara cikin natsuwa

Hauwa ta warke, ta rubuta Turanci, ta ci 78. Ga yadda ake shigar da shi:

BEGIN;
UPDATE sakamako SET maki = 78
WHERE lambar_dalibi = 3 AND darasi = 'Turanci';

Da za ka manta layin WHERE, duk layuka 8 za su koma 78, kowa da kowane darasi, kuma kwamfuta ba za ta tambaye ka ko da gaske kake ba. Amfanin BEGIN ke nan. Bayan shi, duk canjin da ka yi bai tabbata ba tukuna. Sai ka duba da SELECT. Idan layi ɗaya ne ya canja kamar yadda ka nufa, ka rubuta COMMIT, a tabbatar. Idan ka ga ɓarna, ka rubuta ROLLBACK. Komai ya koma yadda yake. Da irin wannan tsari ake tura kuɗi tsakanin asusu biyu: ko dai cirewa da zubawa su tabbata tare, ko kuma a soke su tare. Rigakafi dai ya fi magani.

Yanzu jimlar Hauwa 168, ita ce ta ɗaya, wannan karon da guminta.

Abin dubawa kafin ka yarda da amsa

Duk lokacin da tambayarka ta fito da amsa, tsaya ka bincika abu huɗu. Mutum nawa ke jadawalin asali, nawa suka fito a amsa? Akwai NULL a ginshiƙin da na yi lissafi da shi? Da lamba na tattara ko da suna? Idan an yi kunnen doki, me tambayata ke yi? Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, amma a gaban kwamfuta sai wanda ya iya tambayar, ya kuma duba amsar da aka ba shi.

Rashin kwamfuta a gida kada ya hana ku gwaji. Duk misalan yau ana iya bin su da biro da takarda, kuma wanda ya iya fitar da amsar da hannu ya fi wanda ya kwafa ya danna fahimta. Masu damar shiga ɗakin kwamfuta su nemi malami ya sa musu DB Browser for SQLite, kyauta ce, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an saukar da ita. Shi SQLite ɗin, wanda Richard Hipp ya fara fitarwa a shekarar 2000, yana cikin wayoyin Android da iPhone, manhajoji da yawa da shi suke adana bayanansu.

Aikin gida

An gano takardun Ladi: Lissafi 72, Turanci 78. Ku shigar da su, ku tuna kuma Hauwa ta riga ta sami 78 a Turanci, sannan ku amsa waɗannan:

1. Mene ne matsayin Kabiru da RANK, mene ne kuma da DENSE_RANK?
2. Nawa ne sabon matsakaicin Lissafi, su wa suka wuce shi?
3. Ku rubuta tambayar da za ta kawo kowane darasi tare da maki mafi girma da aka ci a cikinsa.

Ku aiko da amsoshinku ta hanyar da kuka saba, tare da suna da aji da makaranta. Mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu warware su tare, sannan mu duba yadda rumbun bayanai ke gano sunan mutum ɗaya cikin miliyoyi ba tare da ya karanta kowane layi ba. A ci gaba da dagewa da karatu. Na bar ku lafiya.